FILIN MATA: Lambar Da A Ke Rubutawa Gefen Sunan Abinci

 

A cikin takardun da suka zo mini a makon nan akwai ta wata uwargida daga Unguwar Kwarbai, wadda ba ta daɗe da komowa daga Umra ba. Ta ce a can Makka da Madina, duk gidan abincin da suka shiga, sai ta ga an rubuta sunan abinci a allo, ga kuɗinsa, sa'an nan ga wata lamba dabam a gefe. Da ta tambaya aka ce mata wai kalori ne. Tana so in gaya mata abin da a ke nufi da shi, da kuma ko lambar nan tana hana mutane cin abin da zai cuce su. In tana hanawa, me ya sa ba a yi mana irinta a nan Zariya ba? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ta shafi tukunyar kowace ɗaya daga cikinmu, saboda haka na ba ta filin nan duka.

Da fari dai, kalori ma'auni ne, kamar yadda mudu ya ke ma'aunin hatsi, kamu kuwa na ƙyalle. Da shi a ke auna ƙarfin da abinci ke ba jiki. Ku ɗauki jiki kamar murhu, abinci shi ne itacensa. Wani itacen yana ci bal-bal ya mutu nan da nan, kamar kara, wani kuwa ya daɗe yana ba da garwashi, kamar ƙirya. Masana sun ƙiyasta babbar mace mai aikin gida na yau da kullum tana bukatar wajen kalori 2,000 a yini. Mai ciki da mai goyo da mai surfe da daka suna bukatar fiye da haka. Giram ɗaya na tsaba ko sukari yana ba da wajen kalori 4, amma giram ɗaya na mai, ko na gyaɗa ne ko manja ko man shanu, kalori 9 ya ke bayarwa. Abin da jiki ya ci bai ƙone ba, sai ya ajiye shi ya zama kitse. Iyakar maganar ke nan.

Abin da uwargidan nan ta gani doka ce ta Hukumar Saudiyya, wadda ta fara aiki a farkon shekarar 2019. Amma ba su suka fara ba. Birnin New York na Amurka shi ya buɗe hanya a 2008, sa'ad da ya tilasta wa manyan gidajen abinci masu rassa da yawa su rubuta kalori a allonsu. A watan Mayu na 2018 abin ya game Amurka duka, ga kowane kamfani mai rassa 20 ko fiye. Ingila ta bi sahu a watan Afrilu na 2022, ga kamfanonin da ke da ma'aikata 250 ko fiye. Tunanin mahukunta shi ne, ƙiba da ciwon sukari da hawan jini sun yi yawa a ƙasashensu, mutane kuwa sun koma cin abinci a waje. Suka ce rashin sani ne ya jawo, in mutum ya ga lamba da idonsa zai ja da baya.

To, Turawa ba su barin abu haka nan sai sun bi shi da awo. Wasu malaman Jami'ar New York suka je suka tsaya a bakin gidajen abinci na unguwannin talakawa, kafin a kafa doka da bayan an kafa, suna karɓar takardar shaidar biya daga hannun masu fitowa, suna yi musu tambayoyi. Suka yi haka kuma a Newark, wani gari na kusa inda babu dokar, don su gwada. A 2009 suka bayyana abin da suka samu. Fiye da rabin mutane kaɗan sun ce sun ga lambar. A cikin waɗanda suka gani, wajen 28 cikin 100 sun ce ta sa sun sake shawara. Amma da aka duba takardun biya aka lissafa, sai aka tarar yawan kalorin da a ke saye bai ragu ba ko kaɗan. Baki ya ce an rage, takarda ta ce ba a rage ba. Wannan kam mun san shi a gida. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa jin mai ciwon sukari na rantsuwa cewa ta bar zaƙi, ga kuwa kwalbar zuma a bayan jere?

Wasu malaman kuma, na Jami'ar Stanford, suka duba cinikin Starbucks, wani kamfanin sayar da gahawa da kayan ƙwalama wanda masu hali suka fi zuwa. A nan an ga raguwa, wajen kashi 6 cikin 100, kuma kusan dukanta a wajen kayan ƙwalama ne. Abin sha dai ba su taɓa shi ba. A Ingila, binciken da aka fitar a 2024 ya nuna masu lura da lambar sun kusa ninkawa bayan doka, daga wajen 16 cikin 100 zuwa wajen 32, amma abin da suka saya suka ci bai sake ba. A watan Janairu na 2025 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara bincike-bincike na likitoci ta tace su, ta haɗa guda 25 ta yanke hukunci. Ta ce lambar tana aiki, amma ƙanƙane: raguwar ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba. Watau a kwanon abinci mai kalori 600, an rage 11. Ku sani ƙaramin cokalin shayi ɗaya na sukari kalori 16 ne. Duk wannan doka, da kashe kuɗi, da sake alluna, abin da suka rage wa mutum a zama ɗaya bai kai cokalin sukari ba.

Kada ku ce don haka aikin banza ne. In mutum miliyan hamsin kowa ya rage kaɗan kullum, da yayyafi kogi kan cika. Kuma an lura da wani abin da ya fi wannan. Su masu gidajen abincin, da suka ga za a tona asirin tukunyarsu a allo, sai sababbin abincin da su ke fito da su suka zama sun fi na da ƙarancin kalori. Ashe lambar ta fi tsorata mai dafawa bisa ga mai ci. Ni a ganina nan amfaninta ya ke.

Dalilin da ya sa mai ci ba ya razana ba boyayye ba ne. Wanda ya shiga gidan abinci da yunwa ya shiga, hanci ya riga ido. Tun daga gida ya san abin da ya zo ci. Sa'an nan lamba tsirara ba ta magana: in an ce 850, da yawa ne ko kaɗan? Sai wanda ya san lissafin yini duka zai iya cewa. Ga kuma maganar aljihu. Lebura mai 'yan kuɗi kaɗan in ya ga abinci biyu kuɗinsu ɗaya, wannan 400 wancan 900, ai mai 900 zai ɗauka, don shi zai riƙe masa ciki har magariba. Kuma ya yi daidai.

Abin da ya fi lamba tasiri shi ne alama. Ƙasar Chile ta Kudancin Amurka, a 2016, ta sa a riƙa buga wani baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaban duk wani abin ci ko sha na kanti da sukari ko gishiri ko kitse ya yi masa yawa. Ta hana sayar da irinsu a makarantu, ta hana tallarsu ga yara. Sayen lemo mai zaƙi ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. New York ma a ƙarshen 2015 ta ƙara da hoton 'yar kwalbar gishiri a gefen duk abincin da gishirinsa shi kaɗai ya cika na yini guda. Mu ma muna da tamu alamar, ko da ya ke da yawa ba su kula ba. Tun 2002 Gwamnatin Nijeriya ta wajabta a zuba bitamin A a cikin man girki da sukari da fulawa na kamfani, a kuma buga hoton ido a jikin buhu ko galan. Bitamin A shi ke tsare yaro daga dundumi, ya ƙara masa ƙarfin jure ƙyanda. Hoton idon nan ko kakarku da ba ta shiga ajin Yaƙi da Jahilci ba za ta gane shi. Sai dai man da a ke aunawa a kwalba a kasuwa ya rabu da galan ɗinsa, ba ido ba tambari. Haka kuma gishiri, tun 1993 a ke sa masa aidin, shi ya sa 'yan matan yanzu da wuya su ga mace da maƙoƙo, abin da iyayenmu suka saba gani.

Yanzu mu komo cikin ganuwa. Uwargidan Kwarbai ta ce me ya sa ba a yi mana ba. Ku tuna cin abincin saye ba baƙon abu ba ne a Zazzau, ba mu koye shi daga Turawa ba. A 1970 da 1971 wata Ba'amurkiya, Emmy Simmons, da ke aiki da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta yi shekara guda ana auna abin da a ke ci a gidajen Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. Hanwa a lokacin ƙauye ce, yanzu gari ya haɗiye ta. Ta tarar matan aure daga cikin ɗakunansu su ke riƙe da babbar sana'ar abinci, fura da ƙosai da ƙuliƙuli da sauransu, yara na kai talla, kuma abincin rana a gidaje da yawa saye a ke yi. Har gobe haka abin ya ke. Ku tsaya a Ƙofar Doka da safe ko Babban Dodo da yamma ku ƙirga masu waina da ƙosai da awara da ɗanwake da dambu, ga masu shayi da taliyarsu, ga masu tsire da balangu. Gidan abincinmu shi ne tire a kan yarinya, da kasko a ƙofar gida.

Wannan kasuwa ba ta da allo, kuma ba ta da kwano guda mai awo. Mu da kuɗi mu ke saye: ba ni na ɗari biyu, ba ni na ɗari biyar. Ludayin mai tuwo yau ba shi ne na jiya ba, ya danganta ga farashin masara da kuma fuskar mai saye. Sa'an nan ga gyara. Ina Bature zai sa gyara a lissafinsa? Kafin a rubuta lamba ta gaskiya sai an auna kowane abu da ya shiga tukunya, a kuma zuba wa kowa daidai wa daida kullum. Shi ya sa ko a can Amurka da Ingila dokar ba ta hau kan ƙananan masu abinci ba, sai manyan kamfanoni. Manyan gidajen abinci na zamani irin na Sabon Gari da Samaru da Kaduna, masu rassa a garuruwa, su kam za su iya, kuma ina ganin ya kamata a sa su. Amma a ce wa mai waina ta Limancin Kona ta kawo lamba, wannan neman a kashe mata kasko ne kawai.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Lambar kalori an ƙago ta ne don ƙasashen da ci ya yi wa yawa. Mu kuwa cuta biyu ke kwana a gida ɗaya. Babban binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a cikin matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49, kashi 28 cikin 100 nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 sun rame fiye da kima, kashi 58 kuwa suna da ƙarancin jini. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar, 37 cikin 100 sun tsumbure, kuma abin ya fi tsanani a nan Arewa. Sai ku ga Hajiya na zuwa Shika ganin likitan sukari, jikanta kuwa an kwantar da shi a Asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan saboda tamowa, tukunya ɗaya su ke ci. Lambar da za ta ce wa Hajiya rage, ita ce za ta ce wa uwar yaron nan rage, alhali ita ƙari ta ke bukata.

A nan ina da magana da ku 'yan makaranta. Na san abin da ku ke gani a wayoyi, na 'yan mata masu ƙidayar kalori kamar masu ƙidayar kuɗin adashi. Yarinya mai girma, wadda ta fara al'ada, jininta na raguwa kowane wata, in ta bar karin kumallo don ta yi siriri, ba za ta fahimci komi a aji ba, kuma ranar haihuwar fari za ta biya bashin. A Ingila ƙungiyar Beat, mai taimakon masu cutar ƙin cin abinci, ta yi ta ƙorafi a kan dokar nan saboda irin wannan, har aka yarda gidan abinci ya ajiye takarda marar lamba ga wanda ya roƙa. Ɗaya gefen kuma ga masu shan ƙwayoyin nan da a ke kira sha-ka-fashe don su yi ƙiba kafin biki. Waɗansunsu maganin wata cuta ne dabam, kumburi su ke sawa, suna kuma iya jawo ciwon sukari da hawan jini. Da mai yunwar ganganci da mai sha-ka-fashe, duk madubi ne ya aike su.

Kuma kalori ba ya faɗin kyawun abinci, yawan wutarsa kaɗai ya ke faɗi. Kwalbar lemo da ƙaramin kwanon fate suna iya zuwa kusa da juna a lamba. Amma a cikin fate akwai tsaki, akwai yakuwa da alayyafo, da gauta, da wake ko gyaɗa, a cikin lemo kuwa ruwa ne da sukari da kala. Kanawa sun daɗe suna yi mana ba'a da fate, ku ƙyale su. Da likita zai zauna ya tsara abinci mai ganye da yawa, mai kaɗan, ga arha, da ƙyar zai wuce faten Zazzagawa. Haka kwaɗon zogale da na rama da ƙuliƙuli, haka alala, haka fura da nono in ba a cika mata sukari ba.

To, tun da ba wanda zai rubuta mana, sai mu koyi lissafin da kanmu, kuma ba shi da wuya. Abu uku ne ke ɓuya a cikin abinci ido bai gani ba: mai, sukari, gishiri.

Mai shi ne sarkin kalori. Babban cokali ɗaya wajen kalori 120 ne. Ɗanwake shi kansa ba shi da laifi, gari ne da kuka. Amma in kin ce wa mai ɗanwake ta ƙara mai, ta zuba cokali uku, kin ɗora kalori 360 a kai, watakila ya fi na ɗanwaken kansa. Haka shinkafa da wake da mai da yaji. Ƙaramin gwangwanin madara da mu ke awo da shi, in an cika shi da mai, ya haura kalori 1,200, watau fiye da rabin abin da mace ke bukata a yini. Ku tuna da wannan ranar da ku ke soya miyar da mai ke iyo a kanta don kada kishiya ta ce an yi rowa. Ga mai ƙiba da mai ciwon sukari wannan abin ragewa ne. Ga yaron da aka yaye kuwa, ƙaramin cokalin man gyaɗa ko manja a cikin kununsa alheri ne, don cikinsa ƙarami ne, kunu tsararo ba ya isarsa. Ku ga yadda cokali ɗaya ya zama magani ga wani, cuta ga wani. Man suya kuma da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi yana kumfa, wannan ba ya yi wa kowa amfani, kuma ba sai da allo za ku gane shi ba, ku leƙa kaskon kafin ku miƙa kuɗi.

Sukari kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 kada wanda a ke ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce wajen giram 50 a yini ga babba, watau ƙananan cokula 12, in an tsaya a 6 ya fi. Lemon kwalba mai cikakken zaƙi yana ɗauke da wajen giram 10 a kowace mililita 100. Ke nan robar nan ta rabin lita ita kaɗai ta cinye rabon yini duka. Wace ce za ta zauna ta kaɗa cokali 12 a kofi ɗaya ta ba ɗanta? Amma muna ba su a kwalba, har mu ce gata ne. A 2022 Gwamnati ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin wannan lemo, kuɗin da bai isa ya sa kowa ya waiwaya ba. Lemon kamfani ma da sauƙi, yana da rubutu a jiki. Zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya na cikin tsohuwar roba ba mai sanin abin da aka zuba sai mai yi, wata ma da zaƙin roba ta ke haɗawa. Mai shayi kuwa in ba ki tsai da hannunsa ba, ba ya tsayawa.

Gishiri shi na fi jin tsoro, don shi ba ya sa ƙiba balle a gani, hawan jini ya ke sawa a ɓoye, sai ranar da mutum ya faɗi ɓarin jiki ya shanye a ce iska ce ta buge shi. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi ga babba bai kai giram 5 a yini ba, wajen ƙaramin cokali ɗaya a shafe, kuma wannan ya haɗa da na cikin burodi da taliya da yaji da kilishi da komi. Ga inda mu ke ruɗin kanmu: dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Ƙarami mai giram 4 yana da wajen giram 2. In kin jefa shida a miya kin zuba giram 12 tun ba ki taɓa kwanon gishiri ba. Mutum shida suka ci, kowa ya sami giram 2 daga magi kaɗai a cin dare ɗaya, sa'an nan ga gishirin da kika barbaɗa, ga yajin da shi ma an daka shi da magi. Mai abincin sayarwa ta fi ki sakin hannu, don ta san harshe ke komo da mai saye. Iyayenmu da daddawa da albasa da citta da kanumfari da busasshen kifi suka yi miyar da har yau a ke labari. Ba na ce ku zubar da magi ba, maigida zai yi ƙara. Ku rage ɗaya a makon nan, bayan mako biyu ku sake rage ɗaya. Harshe yana sabawa, ba wanda zai ce uffan.

Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin sodiyam da ke ta da jini yana cikinta. Wannan magana a nan garin aka fara ta. A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka lura matan Zariya da kewaye suna yawan zuwa da ciwon zuciya bayan haihuwa, da kumburi da haki, har aka ƙiyasta wajen mace ɗaya cikin ɗari. Suka bi mata 224, suka buga sakamako a 1978, suka ɗora zargi a kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Daga baya likitocin Kano, a ƙarƙashin Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Malam Aminu Kano, suka sake bin sawun cutar a asibitoci da yawa na ƙasar nan. Su ba su tarar al'adun jego ne tushenta ba. Abin da suka fi gani shi ne rama da talauci, da hawan jinin ciki, da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jini. Saboda haka kada a ɗora wa ungozoma da kaka laifin duka. Amma mai jegon da ta yi hawan jini da ciki, ko ƙafafunta suka kumbura, ko ta ke haki in ta kwanta, a sassauta mata kanwa, a kai ta asibiti ran nan, kada a jira arba'in.

Abin da ke cikin leda da gwangwani da kwalba kuwa, wannan yana da doka. Ƙa'idar Hukumar NAFDAC ta 2022 ta ce a rubuta abin da ke ciki da ranar lalacewa da bayanin sinadaransa. A nan 'yan makaranta za ku biya iyayenku kuɗin makaranta. Ku juya ledar taliyar nan da ƙannenku ke so, ku nemi layin sodiyam. Lambar da kuka gani ku riɓa ta sau biyu da rabi, shi ne gishiri. Watau miligiram 400 na sodiyam giram ɗaya ne na gishiri, miligiram 2,000 kuwa ya cika rabon yini. Ku lura kuma da kan layin, ko lissafin na giram 100 ne, ko na abin da kamfani ya kira ci ɗaya, domin wani lokaci ci ɗayansu rabin leda ne, yaro kuwa leda biyu ya ke tashi da ita. Jerin kayan haɗi ma yana da sirri: abin da ya fi yawa shi a ke fara rubutawa. In kun ga sukari a farko ko na biyu a jikin abin da aka ce na ƙarin lafiyar yara ne, kun san abin da kuka saya. Garin ɗanɗanon da ke cikin ledar taliya nan gishirin ya taru, rabinsa ya isa, a yanka albasa da kabeji a fasa ƙwai.

Ku kuma masu sana'a, don na san da yawa cikin masu karanta filin nan su ne masu kaskon, kuna da abin da kamfanin Amurka ba shi da shi: kun san masu sayenku da suna. Kun san Malam na zaure yana da hawan jini, kun san gidan da mai ciwon sukari ta ke. Ba sai Hukuma ta sa ku ba. Mai ɗanwake da mai dambu su aika da mai da yaji a gefe, kowa ya zuba gwargwadonsa, man ma zai yi muku auki. Mai zoɓo da mai kunu su ware 'yan robobi marasa sukari, a ɗaura musu zare a wuya don 'yar talla ta gane, za ku yi mamakin masu nema, musamman da azumi. Mai saye kuma kada ta ji kunyar aika yaro da saƙo: a ce wa Inna kada a sa yaji, a rage mai. Wadda ta ke so ki komo gobe za ta yi.

Wata 'yar makaranta daga Tudun Wada ta tambayi yadda a ke haɗa garin kunun yaye da gero da waken suya da gyaɗa, da awon kowanne. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Masu aiko da takardu su riƙa rubuta unguwarsu a sarari.